Dillancin intanet bayan ritaya: wa zai saya, kuma ta wace hanya la'ada za ta iso Damagaram?

Akwai wani talla da ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Saurayi ne zaune gaban kwamfuta, yana nuna lambobin kuɗi a allo, yana cewa buɗe shafi, zuba mahaɗai, ka kwanta barci kuɗi na shigowa. Da can matasa ake yi wa wannan kiɗa. Yanzu ya kai kunnen mushen da ya aje alli bayan shekara talatin a aji, da ma'aikacin gidan gona da ya koma zaman ƙofar gida, da ungozomar da ta bar asibiti. Lokaci ya samu, fansho ba ya kai wata, ga kuma ɗan abin da aka tara.

Tambayar da ake yi ita ce: mutum mai shekara 55 ko 60 a Damagaram zai iya buɗe shafin tallata kayan wasu ya samu abin cefane? Sana'ar ta gaskiya ce, kuma shekaru ba sa hana ta. Sai dai gina shafin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abu biyu da masu tallan ba sa taɓawa su ne ke yanke hukunci: mai saye, da hanyar da kuɗi za su bi su zo hannu.

Mene ne abin, a harshen kasuwa

Wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ranar Alhamis ya riga ya san sana'ar. Dillali ba shi da rago ko ɗaya. Ya san mai rago, ya san mai nema, ya san kuɗin da zai sa a ce albarka da wanda zai sa a ce sallama. In ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada, in bai faɗa ba ya tashi da ƙurar kasuwa. Abin da masu Ingilishi ke kira afiliyet, masu Faransanci kuma afiliyasiyo, dillanci ne irin wannan, sai dai a intanet.

Ga yadda yake tafiya. Kamfani mai kaya zai ba ka mahaɗi, wato adireshin intanet mai ɗauke da lambarka. Ka sa shi cikin rubutunka. Mai karatu ya latsa, ya faɗa shagon kamfanin, a lokacin kuma a aje wata ƴar alama cikin salularsa, wadda ake kira kuki, mai cewa wane ne ya turo shi. In ya saya kafin wa'adin alamar ya cika, a rubuta maka kashinka. Amazon, babban shagon intanet na Amurka, wanda ya fara tsarinsa tun 1996, awa 24 kawai yake ba alamar, sai in mutum ya jefa kayan cikin kwando a wannan lokaci, sannan wa'adin kayan ya kai wajen kwana 90. Wasu kamfanoni suna ba da kwana 30 ko fiye. Akwai masu biya kan kowane ciniki, akwai masu biya kan kowane mutum da ya yi rajista, akwai kuma masu biya duk wata muddin wanda ka kawo yana biyan kuɗin wata.

Bambanci ɗaya ne babba da kasuwarmu. Dillalin rago yana karɓar la'adarsa a gaban shaidu kafin a ja igiya. A nan littafin lissafi yana hannun kamfani. Shi ke ƙirga ciniki, shi ke soke la'ada in an maido kaya, shi ke sauya kashi ranar da ya ga dama. A watan Afrilun 2020 Amazon na Amurka ya rage la'adar kujeru da kayan gyaran gida daga kashi 8 cikin 100 zuwa 3, ta kayan masarufi daga 5 zuwa 1, da sanarwar kwanaki kaɗan. Waɗanda suka ɗora rayuwarsu a kan waɗannan kaya sun wayi gari da ƙasa da rabin abin da suka saba samu, ba kuma wurin kai ƙara.

Abubuwan da ke shigo da rigarsa

Dillancin gaskiya ba a biyan kuɗin shiga. Duk tsarin da ya ce sai ka zuba jikka 50 ko 100 kafin a ba ka mahaɗi, kuma ribarka tana zuwa ne daga mutanen da ka jawo suka zuba nasu, wani abu ne daban ko da an laƙaba masa sunan afiliyet. MMM ya rufe da kuɗin mutane a Najeriya a Disambar 2016, CBEX ya yi haka a Afrilun 2025, kuma duk biyun da lada kan kawo sabon mutum suka yaɗu. Tambaya ɗaya ta isa: in aka daina kawo sababbin mutane yau, akwai kayan da wani zai saya don yana bukatarsa?

Akwai na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa domin ba zamba ce ƙiri-ƙiri ba. Ana sayar maka da darasin koyon dillanci, sai ka gama ka tarar babban abin da aka koya maka ka sayar shi ne darasin kansa. Abin da ke cikin yawancin irin waɗannan darussa yana nan kyauta a shafukan taimako na kamfanonin da kuma YouTube.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kashe ko dala

A ƙaddara kana tallata kaya na yuro 30. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya wajen sefa 656, saboda haka kayan ya kai wajen sefa 19.700. La'ada kashi 3 cikin 100 ta zama sefa 590, wato dala 118 a ƙidayarmu ta kasuwa. In kana son jikka 50 a wata, sai an yi ciniki 85 ta hannunka.

A ƙaddara kuma cikin masu shiga shafinka mutum 1 cikin 10 ke latsa mahaɗi, cikin masu latsawa kuma 3 cikin 100 ke saye. Ciniki 85 zai bukaci latsawa wajen 2.800, wato baƙi wajen 28.000 a wata. Kowa zai iya sauya waɗannan lambobi da nasa, amma siffar lissafin ba ta sauyawa: ƙaramin kaya da ƙaramin kashi suna bukatar taron jama'a, sabon shafi kuwa yakan yi watanni bai ga baƙo 100 a rana ba.

Ga kuma sharaɗin da ke kayar da masu gaggawa. Amazon yana ba sabon dillali kwana 180 ya kawo ciniki 3, in ba haka ba a rufe rajistarsa. Sayen da ka yi da kanka ta mahaɗinka ba ya cikin lissafi, haka na iyali da abokai da ka roƙa su saya don taimaka maka. Shi ya sa rajista ba ita ce matakin farko ba. Sai shafi ya fara samun masu karatu.

Wa zai saya

Nan ne tsarin da aka kwafo daga Amurka ko Faransa yake cijewa. Can mai karatu yana da kati a aljihu, yana da lambar gida, kaya na iso masa cikin kwana biyu. Mai karatu a Birni ko Zango ko Garin Malam yana son ya ga kaya, ya taɓa, ya yi ciniki, ya biya hannu da hannu. Kaya da yawa na manyan shagunan intanet ba a aiko su Nijar, waɗanda ake aikowa kuma kuɗin jigila kan fi na kayan. Zai karanta bayaninka har ƙarshe, ya yi maka addu'a, ya tafi Kasuwar Dole ya saya. Ka yi dillanci, wani ya ci la'ada.

Saboda haka zaɓen harshe zaɓen kasuwa ne. In ka rubuta da Faransanci don masu saye a Faransa da Beljiyam, akwai kuɗi a can, amma kana kokawa da manyan jaridu da shafukan da suka shekara goma suna gwada kaya da hannunsu. Mutumin da bai taɓa ganin injin wanke kwanuka ba ba zai ka da su a rubutu kan injin wanke kwanuka ba. In ka rubuta da Hausa, gasa kaɗan ce ƙwarai, kuma mafi yawan masu karatunka za su fito daga Kano da Katsina da Kaduna, inda saye ta intanet ya fi kama ƙasa. Jumia da Konga suna aiki a can, akwai kuma dandamali irin Selar da ake sayar da littattafai da darussa. Amma la'adar da naira za ta zo, ta asusun bankin Najeriya mai bukatar lambar shaidar mai asusu ta BVN, kuma duk ɗan canji ya san abin da ya sami naira a gaban sefa tun daga 2023.

Kayan da ba a ɗauka a mota, irin su manhaja da darasi da masaukin shafi, wato hayar wurin aje shi a intanet, sun tsira daga matsalar jigila, kuma kashinsu ya fi na kayan hannu nesa. Sharaɗin dai shi ne mai karatunka ya iya biya da kati.

Ta ina kuɗin za su iso

Wannan tambayar ya kamata a fara yi, amma ita ake bari ƙarshe. Kafin ka rubuta layi ɗaya, buɗe shafin biyan kuɗi na tsarin da kake so ka duba abu uku: ko Nijar tana cikin ƙasashen da yake biya, ta wace hanya, kuma sai kuɗi sun kai nawa.

Nita da Amana da Airtel Money sun sauƙaƙa mana aike tsakanin garuruwa, amma manyan kamfanonin waje ba su san su ba. Su banki suka sani, ko PayPal, ko Payoneer, ko takardar cek. PayPal kuwa a ƙasashen Afirka da dama yana barin mutum ya biya amma ba ya barinsa ya karɓa, don haka samun asusu ba shi ne samun hanya ba. Aike ta banki daga waje yana ratsa wani banki a tsakiya, kowa ya yanki nasa, har ƙaramin kuɗi ya iso da rabin jiki. Dabara ita ce a ɗaga iyakar biya a bar kuɗi su taru. Ga kuma jinkiri: Amazon yana biya wajen kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki, la'adar Janairu sai ƙarshen Maris. Kamfanonin Amurka kuma za su sa ka cika takardar haraji mai suna W-8BEN.

Wasu sukan ari asusun ɗan uwa da ke Faransa ko Kano. Yana aiki har ranar da kamfani ya nemi katin shaida ya ga suna bai dace ba ya daskarar da kuɗin, ko ranar da zumunci ya yi tsami. Kada kuma a manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumi ya taɓa harkar bankuna har zuwa Fabrairun 2024, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. Sana'ar da ke rataye da bankin waje da kuran, siyasa tana iya tsayar da ita.

Ginin shafin da inda yake rushewa

Kayan aikin kaɗan ne. Sunan shafi mai ƙarewa da .com yana kamawa wajen jikka 6 zuwa 10 a shekara. Sai masauki, wato hayar wuri a kwamfutar wani kamfani. Farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe na sabon shiga ne, galibi sai ka biya shekaru da yawa a dunƙule, kuma ranar sabuntawa yakan ninka biyu ko uku. A nemi farashin sabuntawa, shi ne na gaskiya. Manhajar WordPress da ake gina shafi da ita kyauta ce, takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, Search Console na Google da ke nuna kalmomin da mutane suka nema suka same ka shi ma kyauta ne. Biya galibi sai da kati, irin katin Visa da ake zuba wa kuɗi a banki. In an haɗa duka, ban da kuɗin intanet, shekarar farko ba ta kamata ta wuce jikka 60 ba. Wanda ya ce sai jikka 300 ya ƙara nasa.

Kuskuren da ya fi cin dattawa ba na fasaha ba ne. Baba ya kira wani yaro mai wayon kwamfuta ya ce buɗe mini. Yaro ya yi rajistar sunan shafi da imel ɗinsa, ya sa lambar salularsa, ya ce Baba an gama. Bayan shekara yaro ya tafi karatu Yamai ko ya sauya layi, saƙon sabuntawa ya tafi akwatin da ba mai buɗewa, suna ya faɗi, rubutun wata goma sha biyu ya bi iska. A bar yaro ya taimaka, amma imel da lamba da kati su zama na mai shafi, a kuma rubuta kalmomin sirri a littafi a aje inda ake aje takardar fili. Wannan littafin ne magada za su nema wata rana.

Sauran wuraren tuntuɓe sanannu ne. Kati ba kuɗi a ranar sabuntawa. Rigar shafi, wato tsarin kamanninsa, ta sata da aka sauke kyauta, wadda ke zuwa da ɓoyayyar ƙofa ga ɓarayi. Hotuna masu nauyi da ke cinye megar mai karatu kafin shafi ya buɗe, alhali kilobait 100 zuwa 150 sun ishi hoto. A gwada shafi a ƙaramar salula mai arha, a unguwar da rezo ke da rauni, don can masu karatu suke. Ga mai rubutun Hausa kuma, a sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ cikin rubutu, allon rubutun salula na Gboard yana da su, amma a bar adireshin kowane shafi ba ƙugiya, domin haruffan suna rikiɗewa su zama tarkacen alamomi in an tura mahaɗi a WhatsApp.

Google ya sauya hali

Mafi yawan darussan da ake sayarwa suna koyar da hanyar da ta yi aiki shekara goma baya: rubuta jerin kaya goma mafi kyau, jira Google ya turo mutane. A Satumbar 2023 da Maris na 2024 Google ya yi sauye-sauyen da suka durƙusar da ɗimbin ƙananan shafuka irin waɗannan, daga Mayun 2024 kuma ya fara aje amsar da na'ura ta haɗa a saman sakamakon nema, mutum ya karanta ya wuce bai latsa komai ba. Rubutun da aka kwafo daga bayanin kamfani, ko aka sa na'ura ta zubo, ba shi da sauran kasuwa. Shafi yanzu rumbu ne. Ana aje cikakken bayani a ciki, amma mutane ta Facebook da gajeren bidiyo da muryar WhatsApp suke zuwa, musamman a nan inda masu saurare suka fi masu karatu yawa.

Abin da shekaru ke bayarwa

Saurayi ya fi dattijo saurin yatsa, amma yatsa ana koyonsa cikin wata biyu. Abin da ba a koyo cikin wata biyu shi ne sanin dalilin da ya sa batirin sola ke mutuwa kafin shekara in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare a zafin bazara, ko wane famfo ne zai ja ruwa daga rijiya mai gaba goma a lambun Gidimuni ko Mirya, ko wane littafi ne ke fitar da yaro a jarrabawar BEPC. Tsohon ma'aikacin lantarki da malamin gona da mushe suna da wannan a ka. Suna kuma da sunan da aka sani a gari, wanda shi ne jarin dillali tun fil azal.

Sunan kuwa da shi ake yin asara. Kamfanonin cacar ƙwallo suna cikin masu biyan la'ada mafi tsoka, kuma da yawansu kashi suke ba ka daga abin da wanda ka kawo ya yi hasara. Haka masu maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya. Malaman fiƙihu, har da na Malikiyya, sun halatta ladan dillali a babin ju'ala, suna kafa hujja da aya ta 72 ta Suratu Yusuf, amma da sharaɗin kaya ya zama halal, lada sananne, ba algus. Faɗa wa mai karatu cewa kana da la'ada a mahaɗin yana cikin dokokin Amazon da wasunsa, kuma ko ba doka, dillalin da ya ɓoye cewa shi dillali ne ya riga ya fara ha'inci.

Dillancin gida

A ganina nan ne lissafi ya fi kama hankali ga mai zaune a Damagaram. Ba dole sai Amazon ba. A ƙaddara tsohon ma'aikacin lantarki ya je wurin mai shagon sola ya ce, Alhaji, zan riƙa bayani da Hausa kan yadda ake zaɓen fano da batiri, duk wanda ya zo ta hannuna a ba ni kashi 3. Kayan sola na jikka 150 sun ba da sefa 4.500. Ciniki 12 a wata sun kai jikka 54, fiye da jikka 50 ɗin da a lissafin farko sai da ciniki 85. Kuɗin sefa ne, ta Nita ko hannu da hannu, ba bankin da zai yanki nasa a hanya, ba jiran kwana 60.

Wahalar a nan ita ce shaida, tunda ba kuki. Hanyar da ta fi aiki ita ce kalmar shaida mai ɗan rangwame: mai saye ya faɗi kalmar a shago a rage masa jikka ɗaya, don haka shi da kansa ba zai manta ba. Ko kuma maɓallin WhatsApp a shafi ya kawo mai saye wurinka tukuna, ka rubuta sunansa da kwanan wata, sannan ka miƙa shi ga Alhaji. A rubuta yarjejeniya a takarda da shaidu biyu: kashi nawa, a kan farashin sayarwa ko a kan riba, yaushe ake biya, me zai faru in an maido kaya, kuma in mutumin ya dawo bayan wata uku ya ƙara saye, akwai la'ada ko babu. Wannan na ƙarshe shi ya fi haddasa rigima. Kada a tsaya kan shago ɗaya, domin ranar da Alhaji ya ga mutane sun san hanya zai iya cewa ba ya bukatar kowa. In harka ta kankama, sai a nemi lambar NIF a shiga tsarin haraji.

Gwajin ba ya bukatar taɓa kuɗin sallama. A ware abin da in ya tafi ba zai hana tukunya tafasa ba, a zaɓi fanni ɗaya, a rubuta amsar tambayoyi 20 zuwa 30 da mutane suka saba yi maka a ƙofar gida, biyu a mako, kowace da hoton da ka ɗauka da hannunka. A wata na shida a buɗe Search Console da littafin ciniki a duba abu uku: mutum nawa ke shigowa, daga wace ƙasa, kuma nawa ne suka kai ga tambayar farashi. In masu shigowa Kanawa ne, sai a nemi mai kaya a Kano. In ana shigowa ba a tambaya, an rubuta abin sha'awa ne ba abin saye ba, sai a sauya tambayoyin kafin lokacin sabunta masauki ya zo.